Littafin aiki: daidaita girman rubutu da maɓallai a manhajar shago

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Manhajar da zan riƙa rubutu a kanta a nan ita ce wadda na yi wa 'yan kasuwa shekarun baya: shigar kaya, fitar kaya, bashi, rasit. Yawancin masu amfani da ita 'yan atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, sai 'yan tsirarun masu kayan masarufi. Da harshen kwamfuta na C# aka rubuta ta, a kan WinForms (kayan aikin Microsoft na gina tagogin manhaja) da .NET Framework 4.8. Ban matsa daga nan ba saboda har yau akwai shagunan da ke kan Windows 7, duk da an daina tallafa mata tun Janairun 2020.

Ƙorafi iri uku ne suka taru mini tun ƙarshen bara. Wani Alhaji ya sayi sabuwar laftof, ya kira ni ya ce, "Malam, ko dai idona ne ya fara? Komai na kwamfutar nan garau yake, sai na buɗe abinka in ga hazo." Wani shagon kuma maɓallan ƙasa na tagar sayarwa sun nutse, ba a ganin na ajiyewa balle na buga rasit. Na uku yaron shago ne mai ɗan wayon kwamfuta, ya shiga saiti ya mayar da sikelin allo (ma'aunin girman da Windows ke ba komai a allo) 100% don hazon ya tafi. Hazo ya tafi, amma rubutun ya zama sai ka kafa hanci a jikin allo kafin ka karanta.

Duka ukun ciwo ɗaya ne. Windows tun asali tana ɗauka cewa fiksel ('yan ɗigon da ke haɗa hoto) 96 ne a kowane inci na allo, wato abin da take kira 100%. Monitar tebur mai inci 24 da fiksel 1920 a 1080 tana da kusan 92 a inci, don haka lissafin ya zauna daidai. Tsohuwar laftof mai inci 15.6 da 1366 a 768 tana da kusan 100, ita ma lafiya lau. Amma a cusa 1920 a 1080 cikin inci 14, sai ka samu kusan 157 a inci. Dole Windows ta ƙara wa komai girma, shi ya sa irin waɗannan suke zuwa a kan 150%. Manhajata ba ta san da wannan zancen ba kwata-kwata.

Laraba, 8 ga Janairu

Yau karatu na yi, ban taɓa kod ba.

Manhaja tana iya gaya wa Windows matsayinta. Mataki na farko, idan ba ta ce komai ba, kamar tawa, Windows za ta bar ta ta zana tagarta a kan 96, sannan ta ɗauki hoton tagar ta miƙe shi ya cika. Kamar a kama rigar yaro a yi ta ja don babba ya sa: za ta shiga, amma zaren ya buɗe. Hazon da Alhaji ke gani ke nan. Wannan dabarar ta zo ne da Windows Vista. Mataki na biyu, manhaja ta ce ta san sikelin babban allo kuma za ta zana kanta daidai da shi tun daga buɗewa. Na uku ya zo da Windows 8.1 a 2013: manhaja ta bi sikelin kowane allo daban, ta sauya idan an ja ta daga wannan zuwa wancan. Sai gyararren na ukun, PerMonitorV2, da ya zo da Windows 10 sigar 1703 a 2017. A Task Manager akwai layin da ake iya ƙarawa mai suna DPI Awareness, yana nuna matsayin kowace manhaja da ke aiki. Na ji daɗin wannan, ya rage mini zato.

Na gwada gajeriyar hanya: danna dama a kan manhajar, Properties, Compatibility, a zaɓi System (Enhanced). Rubutun maɓallai ya ɗan fito, amma 'yan hotuna suna nan da hazonsu, wasu wuraren da nake zana rubutu da kaina ma ba su motsa ba. Kuma bai dawo da maɓallan da suka nutse ba. Na faɗa wa Alhaji ta waya ya yi haka kafin in gama, ya rage zafi.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kunna sanin sikeli. Layi ɗaya ne a fayil ɗin saitin manhajar, app.config, sai kuma a bayyana a manifest, fayil ɗin da manhaja ke gabatar da kanta ga Windows da shi, cewa manhajar ta san Windows 10, in ba haka ba layin ba ya aiki. Da na buɗe ta a 150%, rubutu ya fito tas, har ƙugiyar ƙ da ɗ ana bambancewa da k da d, abin da a cikin hazo sai dai ka cinka daga ma'anar kalma.

Sauran kuwa ya wargaje. Dalilin shi ne ana auna girman rubutu da maki, kowane maki ɗaya bisa 72 na inci, su kuma akwatuna da fiksel. Rubutu mai maki 9 fiksel 12 ne a 96, amma a 144, wato 150%, ya zama 18. Maɓallin WinForms na asali faɗinsa 75 ne tsayinsa 23. Duk inda na ƙirƙiri maɓalli a cikin kod na ba shi waɗannan lambobi da hannu, yana nan a 23 ɗinsa, rubutu ya kumbura a ciki, an yanke masa kai da ƙafa. Tagogin da aka zana a Visual Studio, manhajar da nake rubuta kod da ita, wasu sun faɗaɗa, wasu ba su yi ba, ya danganta da abin da ke cikin AutoScaleMode na kowace, wato saitin da ke faɗin abin da taga za ta bi wajen ƙara girma. Na tarar wasu a None, wasu a Font, ɗaya a Inherit.

Na ɗauki hoton kowace taga a 100, 125 da 150 na zuba a babban fayil guda, domin in san inda na faro.

Talata, 14 ga Janairu

An ɗauke wuta tun safe, batirin laftof bai kai ni la'asar ba. Jerin tagogi kawai na rubuta a takarda, na sa wa kowace alama: mai sauƙi, mai wuya, sai an rushe.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ƙanena da ke taya ni aiki ya buɗe tagar masu bashi a tasa laftof ɗin, wadda take kan 125%, don ya gyara rubutun wani maɓalli. Kalma ɗaya ya sauya. Da ya turo, Git, mai bin sawun sauye-sauyen kod, ya nuna kusan kowane layi na fayil ɗin zanen ya canza. Na kira shi.

"Yaya, wallahi kalma ɗaya na taɓa."

Gaskiya ya faɗa. Mai zanen taga na Visual Studio yana rubuta lambobi ne daidai da allon da aka buɗe shi a kai, kuma yana ajiye wata shaida mai suna AutoScaleDimensions. A tsohon rubutun Microsoft Sans Serif mai maki 8.25, shaidar 6 da 13 ce a 100%. A 125% sai ta koma 8 da 16. A nan na ga abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Takwas bisa shida 1.33 ne, sha shida bisa sha uku 1.23 ne. Babu wanda ya zama 1.25 a cikinsu. Wato idan taga tana bin Font, faɗinta da tsayinta ba sa ƙaruwa da ma'auni ɗaya, domin ma'aunin daga matsakaicin girman harafi ake ɗaukarsa, kuma ba a rabin fiksel. Idan aka dawo da tagar allon 100%, kowace lamba an ninka an raba an cike, maɓallan da ke jere sun goce da fiksel ɗaya ko biyu.

Shawara biyu muka yanke. Duk tagogi za su koma AutoScaleMode.Dpi da shaidar 96 da 96, inda 125% yake nufin 1.25 ta kowane ɓangare. Sannan ba mai buɗe zanen taga sai a 100%. Visual Studio da kanta tana fito da wani ɗan saƙo a sama tana tayin sake buɗewa a 100%, ƙanena ya ce kullum rufe shi yake yi. Na yi masa gajeriyar hanya a fuskar kwamfutarsa da ke buɗe ta da devenv /noScale, na goge tsohuwar. Mun mayar da fayil ɗin yadda yake.

Talata, 21 ga Janairu

Sayayya. Ba zai yiwu in ci gaba da gwaji a allo ɗaya ba.

Monita ta hannu, inci 24, 1920 a 1080: ₦75,000. Kebul na HDMI: ₦4,500. Takardar rasit ta gwaji: ₦3,000. Man janareto na makon nan ban ma lissafa ba.

Allon 4K ya fi ƙarfin aljihuna a yanzu. Wani abokina mai tace bidiyo yana da mai inci 27, 3840 a 2160, kusan fiksel 163 a inci. Ya ce in riƙa zuwa da yamma idan ya tashi aiki. Windows 7 kuma na girka ta a kwamfutar gwaji ta cikin VirtualBox.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon nan gaba ɗaya a kan tagar sayarwa ya ƙare, ita ce wadda maɓallanta suka nutse, kuma ita ce yaran shago suke wuni a kai.

Na daɗe ina ɗauka cewa allon da ya fi fiksel ya fi fili. Lissafi ya ƙaryata. A raba 1920 da 1080 da 1.5, abin da ya rage wa manhaja 1280 ne a 720. Tsohuwar laftof mai 1366 a 768 a kan 100% ta fi sabuwar fili, a tsaye da a kwance. Tagar sayarwa tsayinta 720 ne cif, an yanka ta ne don ta zauna a 768 bayan an cire sandar ƙasa ta Windows 10 mai 40. A sabuwar laftof 720 ɗin ne duka allon, sandar Windows 11 kuma tana cin 48, saura 672. Abin da ya ɓace shi ne daidai layin maɓallai. Ba a allon masu kuɗi matsalar take ba, a laftof ɗin da kowa ke saye yanzu take.

Akwai ma wanda ya fi wannan matsi. Dattijon da ke da 1366 a 768 ya ɗaga sikeli zuwa 125% saboda ido, abin da ya rage masa kusan 1093 ne a 614. Ina da irinsu, kuma su ne masu shagunan, ba yara ba. Don haka na sa wa kaina iyaka: kowace taga dole ta yi aiki a faɗi 1024 da tsayi 560.

Na rushe tagar na sake gina ta da TableLayoutPanel, wanda ke jera abubuwan taga layi-layi da kansa. Layin sama na neman kaya da layin ƙasa na maɓallai suna ɗaukar tsayin abin da ke cikinsu, jadawalin tsakiya ya cinye duk abin da ya saura. Idan fili ya yi kaɗan, jadawalin ne ke tsukewa, maɓallai ba sa zuwa ko'ina. Maɓallai duk na kunna musu AutoSize da ƙaramar iyaka. Wannan ya magance wani tsohon ciwo da ba ruwansa da sikeli: manhajar tana da Hausa da Turanci, kuma rubutun Hausa ya fi tsawo a yawancin maɓallai, da can sai in yi ta gutsure kalmomi don su shiga.

Abin da ban so ba shi ne tagar ta ɗan yi nauyin buɗewa a tsofaffin kwamfutoci, saboda TableLayoutPanel cikin TableLayoutPanel da na yi har hawa huɗu. Na rage zuwa biyu, ta dawo daidai.

Talata, 28 ga Janairu

Tagogi masu sauƙi: shiga, sauya kalmar sirri, bayanin shago, rukunin kaya. Ba labari.

Asabar, 1 ga Fabrairu

'Yan hotunan kan maɓallai. Duk masu 16 a 16 ne, a cikin ImageList, wanda ba ya ƙara musu girma da kansa. A allon abokina sun zama kamar ƙura a gefen rubutu. Idan kuma na miƙe su da kod, hazo ya dawo. Abin da ake buƙata shi ne kowane hoto a girma huɗu: 16 don 100%, 20 don 125%, 24 don 150%, 32 don 200%. Na nemo asalinsu a SVG, irin zanen da ba ya hazo ko an ƙara masa girma, na fitar da girma huɗun da Inkscape, na rubuta ɗan aiki da ke duba DeviceDpi, wato sikelin allon da ake kai, ya zaɓi wanda ya dace. A 175% ana son 28, sai in ɗauki na 32 in rage shi. Ragewa ta fi miƙewa kyau nesa ba kusa ba.

Hotuna uku ba su da asali, wani ne ya zana mini su tun farko kuma ya bar gari. Na sauya su da wasu. Na san za a tambaye ni ina koren kwandon nan ya tafi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Jadawalin kaya, DataGridView. Wannan ya tsorata ni fiye da duk abin da ya gabata, don ya shafi kuɗi. Manhajar tana tuna faɗin kowane layin tsaye yadda mai shago ya ja shi, tana ajiyewa da fiksel. Faɗin da aka ajiye a 100% aka dawo da shi a 150%, rubutu ya ƙaru, wuri bai ƙaru ba. Jimillar ₦1,250,000.00 sai ta fito an datse mata wutsiya da ɗige-ɗige uku. Mai sauri zai iya karanta dubu ɗari da ashirin da biyar. A dilar shadda wannan ba abin wasa ba ne.

Yanzu duk abin da za a ajiye sai an mayar da shi ma'aunin 96 tukuna, idan za a ɗauko kuma a bi da shi ta LogicalToDeviceUnits, mai mayar da shi ma'aunin allon da ake kai. Layukan kuɗi na hana su tsukewa ƙasa da faɗin lamba mafi tsawo da ke cikinsu, ko mai shago ya ja ba za su wuce nan ba. Tsayin layi kuma daga tsayin rubutu ake lissafa shi, ba 22 da ke zaune a kod ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kai sigar gwaji shago ɗaya ranar Asabar. Jiya da azahar yaron shagon ya turo mini hoton rasit. Farashi ya baro gefen dama ya hau kan sunan kaya, sunayen kaya masu tsawo sun karye gida biyu ba dalili, takardar da ke fita ta kusa ninka tsawonta. Na ce su koma tsohuwar siga nan take, na bi su da yamma na karɓo rasitan.

Da farko ban ga abin da ya haɗa allo da firinta ba. Firintar rasit mai takarda milimita 80 tana bugawa ne a faɗin milimita 72, ɗigo 576, wato 203 a inci, kuma wannan ba ya sauyawa ko wane allo aka haɗa. Sai da na bi kod ɗin layi-layi na gano. Kafin a buga, manhajar tana auna faɗin kowane rubutu don ta san inda za ta ajiye farashi, kuma awon a kan allo ake yinsa, da fiksel. Ita kuwa takarda a PrintDocument ma'auninta ɗaya bisa ɗari na inci ne. Muddin allo yana kan 96, to 96 da 100 sun yi kusa ƙwarai, kuskuren kashi huɗu cikin ɗari ne, ba mai lura. Shekara da shekaru haka rasit ke fita lafiya. Da manhajar ta fara ganin 144, kowane awo ya ƙaru da rabi, takarda kuma tana nan a kusan 283 ɗinta.

Gyaran bai da yawa: a yi awon da Graphics na firintar kanta, wanda ake miƙo wa aikin bugawa. Abin da ya ci lokaci shi ne farautar sauran wuraren da aka yi irin wannan. Na samu a takardar bashi ta A4 da lambar da ake mannawa a jikin kaya. Na ƙara rasit a jerin abin da za a gwada a kowane sikeli, wanda da babu shi a jerin ko kaɗan.

Takardar gwaji ta ƙare, na ƙaro ta ₦3,000.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Allo biyu: laftof a 150%, monita a 100%, ana jan taga tsakaninsu. Idan mafi yawan tagar ya tsallaka, Windows tana aiko da saƙon WM_DPICHANGED tare da sabon girman da take ba da shawara, WinForms kuma ta sake auna komai.

Abu uku suka fito. Akwatunan da aka ba su rubutu na musamman, kamar babbar lambar jimilla mai kauri, ba sa bin sauyin, suna riƙe girman allon da aka buɗe su a kai, sai na kama DpiChanged na sake musu da hannu. Na biyu, idan ana kai taga ana dawo da ita, wasu abubuwa suna ƙanƙancewa a hankali. Ɗan aikin da ke ninka lambobi yana yar da abin da ke bayan ɗigo, kuma yana ninkawa ne daga girman yanzu. A gwajin 125%, 23 ya zama 28, ya dawo 22, ya tafi 27, ya dawo 21. Maganinsa a riƙe lambar asali ta 96, kullum daga ita ake lissafi. Na uku, manhajar tana tuna inda aka bar taga. A rufe ta a monita, a cire kebul, a buɗe: tana aiki amma tana can wajen allo inda ba mai ganinta. Yanzu tana duba ko wurin da ta tuna yana cikin wani allo da ke haɗe, in babu ta dawo tsakiya.

Na gyara ukun a tagar sayarwa da ta kaya. Sauran tagogin kowace da irin nata halin idan an ja ta, musamman masu shafuka da yawa a ciki.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ban yi aikin kirki ba, tunani na yi ko in bar WinForms ɗin gaba ɗaya. WPF, wata hanyar Microsoft ta gina tagogi, tun fitowarta a 2006 ba da fiksel take awo ba, da ɗaya bisa 96 na inci take yi, don haka yawancin abin da na sha a watan nan ba ya tasowa a can. Qt 6, wani kayan gina tagogin, ita ma tana zuwa da sanin sikeli a kunne. Apple kuwa da ta kawo allon Retina a MacBook Pro a 2012 ninki biyu cif ta zaɓa, fiksel ɗaya ya zama huɗu, babu ragowar lissafi. Windows ta ɗauki hanya mai wuya ta 125 da 150 da 175 saboda kwamfutocinta kowane kamfani da irin allon da yake ƙerawa. A Linux ma an daɗe ana fama da sikelin da ba cikakkiyar lamba ba, sai a 2022 Wayland, tsarin nuna tagogi a can, ta samu ƙa'idarsa.

Amma sake rubuta manhajar da mutane ke lissafin dukiyarsu da ita, don kawai maɓalli ya yi kyau idan an ja taga, ba ciniki ba ne. Kurakuran lissafi da aka kashe shekaru ana tsincewa za su dawo sababbi. Na rufe wannan babin.

Na kuma duba waɗanda nake yi wa aikin. Kusan kowane shago allo ɗaya ne a kan kanta, ba a cire shi ba a ƙara masa. Masu haɗa laftof da monita ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Saboda haka sigar da za ta fita za ta tsaya a mataki na biyu: ta karanta sikelin babban allo idan an buɗe ta, ta zana kanta garau a kai. Wanda ya ja ta zuwa allo na biyu mai wani sikelin zai ga ɗan hazo a can, amma komai na wurinsa, ba abin da ya karye. PerMonitorV2 na bar shi a matsayin zaɓi da zan kunna da hannuna a shagunan da suke buƙata, bayan na gama bin sauran tagogin. Hazo a allo na biyu ya fi mini lambar kuɗi da ta ɓace a allo na farko.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na zaga kasuwa da filashi. Na fara da Alhajin da ya yi zargin idonsa. Ya buɗe, ya sa tabarau, ya cire, ya ce, "To, yanzu ka yi aiki. Amma ina koren kwandon?" Na ce ranka ya daɗe ya yi ritaya. Yaron da ya mayar da allonsa 100% na mayar masa 150%, na nuna masa cewa idan ya sauya sikeli ya rufe manhajar ya sake buɗewa, in bai gyaru ba ya fita daga Windows ya sake shiga.

Wani shago mai Windows 7 ya warware mini wata tsohuwar tambaya. Sun daɗe suna cewa rubutu yana yankewa a wasu tagogi, ni kuma ban taɓa ganin haka a wurina ba. Ashe allonsu a 125% yake, kuma Windows 7 a wannan matakin ba ta miƙe hoton taga, akwai wani zaɓi na salon XP da yake zuwa a kunne, wanda ke ba manhaja rubutu mai girma ya bar ta ta ji da shi. Wato su tun tuni suke zaune cikin abin da na gani ranar 11 ga Janairu. Layin app.config ba ya aiki a Windows 7, don haka a can kod ɗin ne ke kiran SetProcessDPIAware da kansa kafin taga ta farko ta buɗe. Sabuwar sigar ta zauna musu daidai, rasit ma na buga a gabansu.

Kuɗin Adaidaita da abinci: ₦6,000. Ban karɓi ko sisi a kan sabuntawar ba, tana cikin kuɗin shekara da suke biya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ana sa ran azumi ƙarshen makon nan, kasuwa ta fara cika da masu sarin kayan Sallah. Daga yau ba sabuwar siga da za ta shiga shagon kowa sai bayan Sallah, sai dai in wani abu ya karye.

Abin da ya rage: tagar rahoton wata, wadda zanen ribar da ke cikinta da fiksel aka yi shi tun daga tushe, a 200% layukansa sun zama siraran da ba a gani. Manhajar girkawa ita ma har yanzu da hazo take buɗewa. Akwai kuma saitin Windows na ƙara girman rubutu kaɗai ba tare da sikeli ba, wanda ke ƙarƙashin Accessibility, ban gwada shi da ko taga ɗaya ba, kuma na ga dattijo ɗaya a kasuwa da ya kunna shi. Da shi zan fara, da safe kafin ƙarfi ya ƙare, tunda abokina ya ce a azumi ba ya buɗe wurin aikinsa da yamma, gwajin 4K sai bayan tarawihi.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau, ban da mai da data: ₦91,500.